Muryar da Ya Bar Min

Asabar, da la'asar

Bai zo ba.

Ƙanwata Auta ta yi wanka tun da hantsi, ta sa rigarta mai aljihu, ta je ta zauna a kan matakalar benenmu, daidai inda ake hango ƙofar shigowa. Shekararta shida, har yanzu ba ta san manya suna ƙarya ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙasa sai ta miƙe. A nan na kai mata abinci, don ta ce in ta shiga ciki zai zo ya tarar ba ta nan ya juya.

Sunan da nake kiransa da shi a da ba zai shiga littafin nan ba. Masu kawo masa gyaran firji Injiniya suke ce masa, to ni ma haka zan ce. Ranar da ya fita da akwatinsa ya dafa kan Auta ya ce duk Asabar zai zo ya ɗauke mu. Ni kuma ya tsaya yana jiran in yi masa sallama, na shige ɗaki. Tun daga ranar ban ce masa uffan ba, kuma ba zan ce ba.

Da rana ta yi sanyi ta taso da kanta, ta ce wataƙila ya manta yau Asabar ce. Na ce wataƙila. A raina kuwa na ce sai ya biya wannan zaman da ta yi.

Litinin, bayan an tashi makaranta

Da safe ina tsaye a ƙofar kicin na tambayi Mama inda ta ajiye makulli. Ta ba ni baya tana zuba shayi. Kofin ya suɓuce mata ya tarwatse a ƙasa. Da ta waigo, kallon da ta yi min ba irin wanda ake yi wa ɗa ba ne. Sai can ta ce, "Kada ka ƙara yi min magana ta bayana. Ka zagayo inda zan gan ka."

Ban gane ba sai da na je makaranta. Malamin lissafi ya sa ni in karanta tambaya, ina buɗe baki ajin ya kwashe da dariya. Kwalba, abokina mai gilashin nan mai kauri, ya ce, "Kai, yaushe ka haɗiye janareto?" An daɗe muryata tana yi min wasa, ta hau ta sauka kamar ta ɗan zakara. Yau ta zauna. Kuma duk muryoyin duniya ba ta ga wadda za ta zauna a kai ba sai tasa.

Da na dawo na kulle bayi na gwada. Na yi gyaran murya sau biyu yadda yake yi, na ce, "Babu damuwa, a bar min shi." Shi ne, babu ragi.

Ya kwashe kayan aikinsa, ya kwance har fankar ɗakinsu ya tafi da ita, amma wannan ya bar min ita a maƙogwaro. Ga yatsuna ma sun fara faɗin kai irin nasa. Ni ban roƙa ba. Da ana cirewa da na cire na ba Kawu ya kai masa, tunda yanzu ko gaisuwa ce tsakaninsa da Mama ta hannun yayan nata take bi.

Talata, da safe

Ƙuraje uku a goshi. Wandon makaranta ya ɗage. Na tsani kowa.

Laraba, da yamma

Mama ta ce in zubar da tsohuwar rigar aikinsa da ke rataye a bayan ƙofar bayi, warin man inji yana tayar mata da zuciya. Ina naɗe ta na ji abu mai nauyi a aljihun ciki. Ƙaramar wayarsa ce, wadda ya tayar da gidan nan yana nema kafin abin ya faru, har ya ce a motar haya ta faɗi ya je ya yi sabon layi. Mutumin da yake gano abin da ya lalace a cikin firji da kunne, ya kasa duba aljihunsa.

Na sa mata caji don in ga ko da wasa a ciki. Ko gama kunnuwa ba ta yi ba ta hau ƙara.

"Injiniya! Ashe kana duniya? Ni ce mai kifi ta bakin kasuwa. Firizar nan ta ƙi sanyi tun safe, ga shi jiya na sauke kaya."

Na buɗe baki in ce ba shi ba ne. Wallahi abin da na yi niyya ke nan. Sai kawai na ji na yi gyaran murya sau biyu.

"Babu damuwa, a bar min ita. Gobe da sassafe ina nan."

"In ba ka da lokaci ka faɗa min in nemi wani."

"Kada ki bari kowa ya taɓa ta. Ɓata miki ita za su yi."

Haka yake cewa, na ji shi ba adadi. Ta yi ta sa min albarka. Na kashe wayar gaba ɗaya na cusa ta a cikin safa. Rabon da in ji daɗi irin wannan tun kafin ranar Talatar nan da ya rabu da Mama.

Alhamis, lokacin tara

Yanzu mai kifi tana can tana leƙen hanya. Haka ake ji.

Juma'a, da la'asar

Na bi ta layin shagonsa, wai hanya ce ta biyo da ni. Na laɓe a bayan tarin tayoyin mai faci da ke tsallaken titi. Ban daɗe ba sai ga ta, ƙatuwar mace, da baho a ka. Ba ta yi sallama ba. Ta juye masa ruɓaɓɓen kifin a ƙofar shago, har kan takalminsa.

Ta wanke shi tas. Yana rantsuwa bai yi magana da ita ba, ta zaro wayarta ta nuna masa lamba. Ya ce ai wannan wayar ta daɗe da ɓata. Ta ce, "To wayar ta ɓata, muryar ma ɓata ta yi? A kunnena ka yi gyaran muryar nan taka sau biyu kamar tsohon babur!" Mutane suka bushe da dariya. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya ce da mai faci, ƙasa-ƙasa amma na ji, "Tun da ya rabu da iyalinsa bai dawo daidai ba. Sai ya yi magana ya manta."

Shi da kansa ya kwashe kifin da kwali. Ya wanke wurin, ya sake wankewa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa a kafaɗa. Ba ruwana, na rubuta ne kawai don na gani.

Asabar, da yamma

Ya zo, bayan rana ta raba. Ina jin ƙarar babur ɗinsa na shige bayi na saki famfo. Ya ƙwanƙwasa ƙofar ya kira ni da sunan da shi kaɗai yake kirana da shi, na yi masa kunnen uwar shegu. Ya ɗauki Auta suka fita, ta dawo baki har kunne, duk rigarta ta ɓaci da alewa. Asabar ɗin da ta wuni a matakala ta shafe ta kamar ba a yi ba.

Ya bar min leda a kan kujera. Takalmi ne, mai kyau kuwa, irin wanda na yi ta naci a kai bara. Lambar bara ya sayo. Ko rabin diddigena bai shiga ba.

Bai ma san girman ƙafata ba. Na ba Kwalba.

Talata, bayan an tashi makaranta

Aiki yana tafiya. Nakan kunna wayar in na dawo, in kashe kafin Mama ta shigo. Mai kantin lemo ya kira, na ce masa gobe. Wata mata ta kira a kan na'urar sanyaya ɗaki, na ce mata gobe. Wani tsoho ya ce firjin da aka gyara masa ya sake tsayawa, na ce masa ya kai wa wanda ya fi ni, na gaji da ƙananan mutane. Ya ce, "Injiniya, kai ne kuwa?" Na ce ni ne.

Babban kamun shi ne mai gidan abincin da ke kan babban titi. Yana da taro ranar Juma'a, ya cika firji biyu da nama, ɗaya yana ƙugi. Na ce masa kada ya tayar da hankalinsa, ƙugin ba komai ba ne, zan leƙo kafin ranar.

Na zaci Injiniya zai je ya sa a rufe layin. Ina! Mutumin gobe ne. Duk abin da ba firji ba sai gobe.

Laraba, da magariba

Kawu ya zo. Ya kama haɓata yana juyawa, ya ce gashin baki ya fito, wa zai koya min aski. Mama ta tashi ta shiga kicin.

Da na raka shi ƙasa na ce masa na san abin da ya faru ranar Talatar nan, ba sai an ɓoye min ba. Ɗakina da nasu bango ɗaya ne. Na ji ƙarar ƙofar kwaba, na ji abin da ya faɗa mata. Ba zan rubuta shi ba, amma yana nan a kunnena.

Kawu ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Abin da ka jiyo ta bango rabin magana ne. Ƙanwata ce, amma ita ma ta faɗi nata. Ka bar wa manya kayansu, ka je ka gaida ubanka."

Na ce to. Ba na son rabin da ya rage. Wanda na ji ya ishe ni.

Alhamis, da la'asar

Auta ta kwanta zazzaɓi. Mama ta duba ta, ta ce ba wani abu ba ne, ta ba ta magani da safe, ta bar min na rana a kan tebur ta tafi asibitin da take aiki. Yarinyar nan ta kafe ta ƙi sha. Na lallashe ta, na yi mata tsawa, na sake lallashi. Kuka kawai take tana kiransa.

Akwai wayar gida da Mama take bar mana. An toshe sabuwar lambarsa a ciki, don Kawu ya ce kada ya kira gidan. Amma tsohuwar tana nan da sunan nan a jiki, kalmar farko da Auta ta iya karantawa. Na ajiye mata wayar a kan filo na ce zan sayo burodi. Na sauka na zagaya bayan tankin ruwa.

"'Yar Ƙanƙara," na ce. Haka yake kiranta, don ƙafafunta kullum da sanyi. "An ce yau ƙanƙarar tawa ta yi zafi?"

Ihun da ta yi har ta tagar sama na jiyo shi. Na ce ta sha magani. Na ce wannan sirrinmu ne, ko Mama kada ta ji, in ba haka ba za a hana ni kira. Ta ce ta rantse.

Da na hau na tarar ta shanye maganin, ta yi barci da wayar a ƙirji. Na zare ta a hankali na goge lambar kiran. Don ita na yi, ba don shi ba.

Juma'a, da yamma

Na sake kira. Ta ci abinci.

Asabar, da la'asar

Bai zo ba. Ta zauna a matakala da bargo.

Lahadi, da hantsi

Kawu ya kira Mama, ina jin su. Wai mai gidan abinci ya zo shagon da yaransa ranar Juma'a, nama ya lalace, taro ya watse, suka ɗauke babur ɗin suka ce sai an san yadda za a yi. Jiya can Injiniya ya wuni yana ba da haƙuri. Mama ta ce, "Shi ya sani," amma ta daɗe a zaune da wayar a cinya.

Da yana so, da ƙafa ma zai zo.

Litinin, da la'asar

Yau da na kira ta daga bayan tanki, ta rage murya ta ce tana da wani sirrin.

"Abin awon wutarka mai allura, ni na yar da shi ya fashe. Na mayar cikin jaka ban faɗa ba. Shi ya sa ka tafi?"

Na zauna a kan bulo. Ashe abin da take ɗauke da shi ke nan duk zaman matakalar nan. Na ce a'a, ba ita ba ce, ko kusa.

"To waye? Yaya ne?"

Na ce me ya sa ta ce Yaya.

"Ya zama mugu. Ba ya wasa da ni, sai tsawa. Kai ka fi shi kirki."

Na ce mata aiki yana jirana.

Ni nake dafa mata shayi. Ni nake wanke zanin gadonta in ta jiƙa shi, in shanya kafin Mama ta gani. Ni nake tsayawa a bayan tanki sauro yana cina ina yi mata muryar da take so. Ni nake aikin, shi yake kwasar ladan, yana can ko a jikinsa. Kai ka fi shi kirki. Kai ka fi shi kirki!

Talata, da safe

Na ce wa Auta ta ɗaure igiyar takalminta za mu makara. Ta murguɗa min baki ta ce, "Ni ana kirana a waya. Kai ba a kiranka don ba a sonka." Sai ta tuna da rantsuwarta ta toshe baki da hannu.

Ban doke ta ba. Na kai ta har ƙofar ajinsu.

A aji ban ji komai ba. Kwalba ya ce me ya same ni nake ta huda takarda da biro. Tunani nake. Kifi da nama da babur duk ba su taɓa shi inda nake so ba. Zai sami wani babur ɗin. Abu ɗaya yake da shi a gidan nan wanda bai wahala a kansa ba kuma yake samu kyauta, shi ne yarinyar da ke zaune a matakala. In ta daina zama, ita ta huta, shi kuma ya ji a jikinsa.

Talata, da la'asar

Na kira. Na faɗa mata. An gama.

Laraba, da yamma

Ba ta yi kuka ba. Na zaci za ta yi, har na tanadi abin da zan ce. Da na hau jiya na tarar ta mayar da wayar kan tebur ta kife ta, tana zaune tana jera murafen kwalba a kan tabarma. Na ce me ya faru, ta ce ba komai.

Yau ta bar rabin abincinta. Mama ta taɓa goshinta ta ce zazzaɓin ne bai gama sakinta ba.

Gara yanzu da tana ƙarama. Ni sai da na kai sha biyar na san ko shi waye. Taimakonta na yi.

Alhamis, da safe

Ta jiƙa gado. Na wanke. Taimakonta na yi.

Juma'a, bayan an tashi makaranta

Malamar ajinsu ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce Auta ta ciji wata yarinya a hannu don ta ce babanta zai zo ɗaukarta. Ta ce lafiya kuwa a gida? Na ce lafiya lau. Ta ce, "Kai ne yayan? Da na ji murya na zaci babban mutum ne."

A hanya Auta ta riƙe min ɗan yatsa har gida. Rabon da ta yi haka na manta. Ga shi nan, ta dawo wurina. Abin da nake so ke nan. Ban san me ya sa abinci ya ƙi wuce min ba.

Asabar, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Yau ba ta yi wanka da wuri ba, ba ta sa rigar mai aljihu ba. Muna falo tana kallon talabijin aka ƙwanƙwasa. Ba mu ji babur ba, shi ya sa ban samu na shige bayi ba. Ni na buɗe. Yana tsaye gumi ya jiƙa masa riga har ciki, takalmansa sun yi futu-futu. Da ƙafa ya zo. Mama tana jin muryarsa ta tura ƙofar ɗakinta.

Auta ta zagayo bayana ta riƙe min wando. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"'Yar Ƙanƙara, fito mana. Na yi laifi wancan satin, na sani."

Ta ƙi motsi. Ya zaro alewa daga aljihu, ta ƙara maƙalewa.

"Kai ka ce ka gaji da ni," ta ce.

"Ni? Yaushe?"

"A waya. Ka ce kada in ƙara jiranka. Ka ce ba za ka ƙara zuwa ba, ka gaji da ni."

"Wace waya, uwata? Ni da aka hana ni kira?"

Da na yi shiru, da ya tafi yana zaton kansa ne ya taɓu kamar yadda ake faɗa a layinsu. Amma so nake in ga ƙarshen abin da idona, in kuma sa hannuna a kai. Na ce, "Ka dai ji ta. Sai ka tafi."

Maganata ta farko ke nan gare shi tun ranar da ya fita.

Ya ɗago. Har sai da ya ɗan waiga, kamar wanda ya ji an yi magana a bayansa. Sannan ya kalli bakina, ya kalli wuyana, ya sauke ido kan aljihun wandona inda wayar ta yi tudu. Ina kallon fuskarsa yana haɗa su ɗaya bayan ɗaya: mai kifi, tsohon nan, mai gidan abinci, babur. Sannan ya kalli Auta.

Ya miƙe. Ashe na kamo shi a tsawo. Na tsaya ina jiran mari, wallahi so nake ya mare ni, ta gani da idonta.

Sai ya koma ya durƙusa.

"Haka ne," ya ce mata. "Ni na faɗa. Rashin hankali ne, kuma ƙarya ce, ban gaji da ke ba. Ki yafe min."

"Ba zan yafe ba."

"To. Zan dawo Asabar in sake roƙo."

"Ko ka dawo."

Ya ajiye alewar a bakin ƙofa ya juya. Na bi shi, ban san dalili ba. A tsakiyar matakala ya tsaya bai waigo ba, ya miƙo hannu ta baya. Na sa masa wayar. Ya jujjuya ta ya zura a aljihu.

"Yaushe ta buɗe?" ya ce.

Na ce me?

"Muryar."

Ya yi gyaran murya sau ɗaya, na biyun ya maƙale. Ya ce, "Kada ka faɗa mata. Ɗaya daga cikinmu ya isa ta rasa." Ya sauka.

Asabar, da magariba

Wa ya roƙe shi? Wa ya ce ya ɗauki laifin? Nawa ne, ni na yi, da bakina na yi, shi ma ya zo ya ƙwace ya tafi da shi kamar fankar ɗaki. Yanzu shi ne mai haƙuri, ni kuma mene ne? Na tsane shi. Na tsane shi fiye da jiya.

Alewar tana nan a bakin ƙofa, tururuwa ta same ta.

Lahadi, da safe

Mama ta fita da wuri. Na dafa shayi, na yanka burodi, na leƙa ɗaki na ce, "Auta, taso ki karya."

Ta zabura ta toshe kunnuwanta da hannu biyu. Da ta ga ni ne ba ta sauke ba.

"Yaya, ka daina magana. In ka yi magana shi nake ji."

Na ce ta yi haƙuri, ni ne fa. Ta ƙara danne kunnuwan ta runtse ido, tana girgiza kai har sai da na rufe baki.

Na kawo kofin na ajiye a gabanta, na nuna mata da hannu. Ta sha. Na nuna burodin, ta ci. Da ta gama ta jingina da kafaɗata muka zauna haka.

Har yanzu ban sake cewa komai ba a gidan nan, kuma babu wanda ya tambaye ni dalili.